Alherin Allah Ya Isa: Labarin Jon Niyuton

Mutanenmu sukan ce hali zanen dutse ne, ba mai iya shafe shi. Gaskiya ne ɗan adam ba ya iya sake halin ɗan'uwansa, nasa ma ba ya iyawa. Amma akwai wanda yake iyawa. Wannan ɗan littafi yana ba da labarin wani Bature, mutumin Ingila, mai suna Jon Niyuton, wanda ya rasu fiye da shekara 200 da suka wuce. Ba don mu yabe shi muka kawo labarinsa ba, gama ya aikata mugun abu, a kan mutanen Afirka kuwa ya aikata shi. Mun kawo shi ne domin ku ga abin da alherin Allah yake yi.

Alheri shi ne kyautar da Allah yake yi wa wanda bai cancanta ba. Ɗan ƙwadago in ya yi wuni a gona, abin da aka ba shi da yamma ladansa ne. Amma in mai gona ya kama ɓarawo a bakin rumbunsa, ya yafe masa, ya cika masa buhu, ya kuma ɗauke shi ɗa, wannan shi ne alheri. A karanta labarin nan da dare in an gama cin tuwo, manya da yara su ji tare.

Yaro da uwarsa

An haifi Jon Niyuton a birnin Landan a shekarar 1725. Ubansa shugaban jirgin ruwa ne, kullum yana kan teku. Uwarsa, Alisabatu, mace ce mai tsoron Allah. Jon shi kaɗai ne ɗanta. Tun yana shekara 4 ta koya masa karatu, ta sa ya haddace ayoyin Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin sujada. Takan yi addu'a da hawaye, tana roƙon Allah ya mai da ɗanta mai wa'azin bishara.

Ba ta ga amsar addu'arta ba. Tarin fuka ya kama ta, ta rasu a 1732, saura 'yan kwanaki yaron ya cika shekara 7. Uban ya sake aure. Aka sa Jon makaranta shekara 2 kawai. Da ya kai shekara 11 sai uban ya tafi da shi aikin jirgi. Can ya koyi zagi, da shaye-shaye, da raina na gaba. Sau da dama yakan tsorata, ya ce zai gyara halinsa. Ya yi azumi, ya daina cin nama, ya yi ta karatu da addu'a da ƙarfin kansa. Bayan ɗan lokaci sai ya koma, ya fi da lalacewa.

A ƙarshen 1742 ya ziyarci wasu dangin uwarsa, ya ga 'yarsu Maryamu Katlet, ƙaunarta ta shiga zuciyarsa. Wannan ƙauna ba ta rabu da shi ba har mutuwarsa.

Bulala da bauta

A zamanin nan akwai masu kama samari ƙarfi da yaji su kai su aikin jiragen yaƙin sarki, kamar aikin dole da kakanninmu suka sha a zamanin Faransawa. A 1744 suka kama Jon. Cikin jirgin yaƙin ya haɗu da wani mutum wanda ya rinjaye shi, har ya yarda cewa bishara tatsuniya ce. Bai tsaya a kansa ba, ya juya ya lalata bangaskiyar wani saurayi abokin aikinsa mai suna Ayuba Luwis.

Wata rana ya gudu daga aiki. Aka kamo shi, aka tuɓe masa riga, aka yi masa bulala a gaban dukan ma'aikatan jirgi, aka kuma ƙwace muƙaminsa. Baƙin ciki ya cika shi, har ya yi tunanin kashe shugaban jirgin, ko kuwa ya faɗa teku. Tunanin Maryamu ne ya hana shi.

A 1745 aka yi musayarsa zuwa wani jirgin fataucin bayi mai zuwa yammacin Afirka. Can ma ba wanda ya iya zama da shi. Sai ya sauka a gaɓar Saliyo, ya kama aiki wurin wani Bature mai sayen bayi a wani ɗan tsibiri. Matar mutumin, 'yar wani babban gida ce na ƙasar, ta ƙi jinin Jon. Da maigidan ya yi tafiya, zazzaɓi ya kwantar da Jon, sai ta bar shi a kan tabarma ba abinci, wani lokaci ko ruwa babu. Takan aika masa da sauran abin da ta ci a kwanonta. Wata rana kwanon ya suɓuce daga hannunsa don rashin ƙarfi, abincin ya zube, ta yi dariya, ta hana a ƙara masa. Da dare yakan lallaɓa cikin gona ya tono saiwa ya ci ɗanya.

Ku lura da wannan. Waɗanda suka ji tausayinsa su ne bayin da ke ɗaure da sarƙa. Sukan ɗebi kaɗan daga ɗan abincinsu su kawo masa a ɓoye. Ya ci alheri a hannun mutanen da ya zo saye da sayarwa, duk da haka zuciyarsa ba ta karye ba.

Hadari a kan teku

Ubansa ya roƙi wani shugaban jirgi ya nemo masa ɗansa. A watan Fabrairu na 1747 jirgin nan, mai suna Greyhound, ya same shi. Jirgin yana sayen zinariya, da hauren giwa, da kakin zuma, da itacen rini. Suka yi kusan shekara guda suna ciniki a bakin teku kafin su nufi gida. Dukan lokacin nan Jon ba shi da aiki sai saɓo. Yakan ƙirƙiro sababbin zage-zage a kan Allah, har tsofaffin ma'aikatan jirgi, waɗanda kunnensu ya saba da ashar, sukan ji tsoro.

Cikin watan Maris na 1748, da tsakar dare, babban hadari ya auka musu. Ruwa ya cika ɗakin da yake barci. Ya tashi zai hau sama, sai shugaban jirgi ya aike shi ya ɗauko wuƙa. Mutumin da ya hau a madadinsa, nan take igiyar ruwa ta tafi da shi. Gefen jirgin ya fashe. Da ba don kakin zuma da itacen da suka ɗauko ba su da nauyi ba, da sun nutse. Jon ya ɗaure kansa da igiya, ya yi ta buga famfon fid da ruwa tun ƙarfe 3 na dare har kusan tsakar rana. Ana cikin wannan, sai ya ji bakinsa yana roƙon jinƙan Ubangiji. Shi kansa ya yi mamaki, gama ya yi shekaru bai kira sunan nan ba sai don zagi.

Da aka sa shi wurin tuƙin jirgi, ya yi sa'o'i da yawa shi kaɗai da tunaninsa. Ayoyin da uwarsa ta koya masa suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya. Da fari tsoro suka ba shi, yana ganin zunubinsa ya wuce gafara. Akwai Sabon Alkawari a jirgin, sai ya shiga karantawa. Ya karanta labarin ɗan nan da ya lalatar da dukiyar ubansa, a Luka sura 15, ya ga kansa a ciki. Ya ga kuma uban da ya sheƙa a guje ya tarye shi.

Suka yi mako 4 a kan ruwa cikin fasasshen jirgi. Dabbobinsu duk ruwa ya kwashe. Mutum 12 suna raba rabin kifi mai gishiri a yini. Shugaban jirgi ya riƙa kiran Jon da sunan Yunana, yana cewa saboda shi masifar ta zo. Ran 8 ga Afrilu suka kai gaɓar ƙasar Ayalan, abincinsu na ƙarshe yana kan wuta. Har tsufansa, kowace shekara Jon yakan keɓe ranar hadarin nan don addu'a da godiya.

Tsiro ba zangarniya ba ne

Da muna so mu daɗaɗa labari, da mun ce daga ran nan ya zama tsarkakakke. Ba haka ba ne. Ya daina saɓo, ya fara addu'a, amma ya koma fataucin bayi. Ya tafi a matsayin mataimakin shugaban jirgi, ya kuma koma ga waɗansu tsofaffin zunubansa. Sai da zazzaɓi ya sake kwantar da shi a Saliyo, a tsibirin nan da ya sha wuya, sa'an nan ya daina dogara ga alkawaran da yake yi wa Allah, ya jingina ga Almasihu wanda aka gicciye dominsa.

A 1750 ya auri Maryamu. Daga shekarar nan zuwa 1754 ya yi tafiya 3 yana shugaban jirgin bayi. Ran Lahadi yakan tara ma'aikatansa su yi sujada a saman jirgi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu maza da mata da yara suna kwance a cunkushe, mazan ɗaure da sarƙa, waɗansu suna mutuwa. Da ya ji labarin bayi za su tayar, ya sa aka matse yatsun waɗansu da ƙarfe don su faɗi gaskiya. Dokar ƙasarsa ta yarda da cinikin, yawancin mutanensa ba su ga laifinsa ba, shi ma idonsa bai buɗe ba. Amma wannan bai mai da mugunta ta zama adalci ba. Daga baya shi da kansa ya shaida cewa a kwanakin farko bayan hadarin bai zama cikakken mai bi ba tukuna.

A tafiyarsa ta ƙarshe ya ɗauki Ayuba Luwis, saurayin nan da ya ɓatar, yana fata ya komo da shi ga bangaskiya. Ayuba ya ƙi. Ya riƙa tuna masa cewa shi ne ya fara koya masa rashin bangaskiya. Zazzaɓi ya kashe shi a Afirka, ba tare da alamar tuba ba. Allah ya gafarta wa Jon, amma abin da ya shuka a zuciyar wani bai iya tumɓuke shi ba. Kada kowa ya ce bari in yi zunubi tun da alheri yana nan.

A wannan tafiya kuma ya haɗu da wani shugaban jirgi mai bi, Iskandari Kuluni. Suka yi kusan wata guda suna hira kowane dare a kan Maganar Allah. Shi ne ya nuna masa cewa ikon Allah ne yake riƙe mai bi, ba ƙarfin mai bin ba. Ya kuma gargaɗe shi ya nemi zumuntar 'yan'uwa, kada ya zauna shi kaɗai.

A watan Nuwamba na 1754, saura kwana 2 ya sake tashi, yana shan shayi da matarsa, sai ya faɗi a sume. Likitoci suka hana shi tafiya. Bai ƙara hawa jirgin bayi ba. Allah ne ya fizge shi daga aikin da shi bai yi niyyar bari ba.

Amsar addu'ar uwa

Ya sami aikin duwan a birnin Libaful, yana duba kayan jiragen da ke shigowa. Da dare yana koyon Helenanci da Ibrananci don ya karanta Littafi Mai Tsarki cikin harsunan da aka fara rubuta shi. Ya nemi a naɗa shi fasto, aka ƙi, gama bai yi jami'a ba. Ya yi ta jira shekaru. A 1764 aka naɗa shi, aka tura shi wani ƙaramin gari mai suna Olni, inda yawancin mutane matalauta ne masu saƙar leshi. Shekara 32 ke nan bayan rasuwar uwarsa. Ke uwa mai kuka saboda ɗanki da ya bar hanya, ki riƙe wannan.

Ya yi kusan shekara 16 a Olni. Yana shiga gida-gida, yana tara yara yana koya musu, ƙofarsa kuma a buɗe take ga mabukata. Jama'a suka yi yawa har aka ƙara wurin zama a majami'a. Yakan tsara sabuwar waƙa domin taron addu'a, don marasa karatu su riƙe koyarwar. Domin wa'azin ranar farko ta shekarar 1773 ya tsara waƙar da duniya ta sani da suna Amazing Grace, wato alheri mai ban mamaki. Ya ɗauko ta daga 1 Tarihi sura 17, inda sarki Dawuda ya zauna a gaban Ubangiji yana mamakin yadda aka ɗauko shi daga kiwon tumaki aka kawo shi inda yake.

Abokinsa Wiliyam Kufa, mawaƙi ne babba, tare suke tsara waƙoƙin. A watan nan na Janairu ciwon baƙin ciki mai tsanani ya kama Kufa, har ya ɗauka Allah ya yashe shi. Jon da Maryamu suka ɗauke shi zuwa gidansu, suka yi jinyarsa fiye da shekara guda. Jon bai taɓa ce masa rashin bangaskiya ne ya jawo ciwon ba. Ya tabbata alherin da ya kama Kufa yana riƙe da shi, ko da Kufa ba ya jin haka a ransa. A 1779 aka buga littafin waƙoƙinsu, waƙa fiye da 300, yawancinsu na Jon ne.

Cikin wasiƙunsa ya bayyana girman mai bi da misalin da Yesu ya bayar a Markus sura 4, misalin da kowane manomi ya sani. Hatsi yakan fara da tsiro, sa'an nan ya fid da kai, daga baya ƙwaya ta ƙosa. Ba mai jan tsiro da hannu don ya yi saurin tsawo. Ruwan da ya tsirar da shi, irinsa ne yake ƙosar da shi. Haka alherin da ya fara aiki cikin mutum, shi ne zai gama.

Tuba a gaban jama'a

A 1780 ya koma Landan yana fasto. A ƙarshen 1785 wani saurayi ɗan majalisar dokoki, Wiliyam Wilbafos, wanda bai daɗe da tuba ba, ya zo wurinsa a ɓoye yana tunanin barin majalisa. Jon ya ba shi shawara ya zauna, ya bauta wa Allah a wurin. Wilbafos ne ya zama jagoran yaƙi da fataucin bayi a majalisar Ingila.

A 1788, bayan shekara 34 da barin jirgi, Jon ya rubuta ɗan littafi ya tona asirin cinikin. Ya faɗi yadda ake cusa mutane a cikin jirgi kamar kaya, da yadda ake wulakanta mata, da yawan masu mutuwa a hanya. Ya amsa cewa hannunsa yana ciki, furcinsa kuma ya zo a makare, kunyar abin ba za ta rabu da shi ba. Aka aika wa kowane ɗan majalisa littafin. Shi kuma ya je ya ba da shaida da bakinsa. Mutumin da ya san an gafarta masa ba ya bukatar ɓoye laifinsa.

Yana kuma cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar mishan a 1799, wadda aka sani da CMS. Wani ma'aikacinta, Shon, yana cikin na farko da suka juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Wanda ya taimake shi ƙwarai shi ne Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka taɓa kamawa bawa aka 'yanta shi.

Sa'ad da rumbu ya ƙare

Babban gwajinsa ya zo a tsufa. Ciwon daji ya kama Maryamu, matarsa ta shekara 40. Tun da daɗewa yana tsoron wannan rana, yana ganin ba zai iya ɗauka ba. Ta rasu ran 15 ga Disamba 1790, yana tsaye kusa da ita. Shi da kansa ya yi wa'azin tunawa da ita, daga ƙarshen Habakuk sura 3, inda annabin ya ƙudura zai yi murna da Allah Mai Cetonsa ko gonaki ba su ba da kome ba, ko garke ya ƙare. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san nauyin wannan magana. Jon ya yi kuka, amma bai faɗi ba. Ƙarfin da yake tsoron ba zai samu ba, ya same shi a ranar da ya bukace shi, ba kafin ranar ba.

Daga baya idonsa ya dushe, kunnensa ya yi nauyi, mantuwa ta kama shi. Abokai suka ce ya huta da wa'azi, ya ƙi, yana ganin wanda ya yi saɓo da bakinsa bai kamata ya rufe shi ba muddin yana iya magana. A watan Maris na 1807 aka kafa dokar hana fataucin bayi a jiragen Ingila, ya ji labarin da ransa. Kusa da ƙarshe ya gaya wa wani mai ziyara cewa kusan kome ya ɓace masa, sai abu biyu: girman zunubinsa, da girman Mai Cetonsa. Ya rasu ran 21 ga Disamba 1807, yana da shekara 82.

Kai fa, mai karatu?

Manzo Bulus yana da wata wahala a jikinsa. Sau 3 ya roƙi Ubangiji ya kawar da ita. Ubangiji bai kawar ba, amma ya tabbatar masa alherinsa zai ishe shi, ikonsa kuma a cikin rashin ƙarfin mutum yake bayyana sosai. Ku buɗe 2 Korantiyawa sura 12 ku karanta tare.

Wataƙila kana cewa laifinka ya yi yawa. Jinin Yesu da ya wanke mai fataucin bayi zai wanke ka. Ka tuba, ka gaskata, ka kuma gyara abin da za ka iya gyarawa tsakaninka da wanda ka cuta.

Wataƙila ka daɗe da bi, amma kana ganin Almasihu shi kaɗai bai isa ba. Yaro ya yi zazzaɓi, ka kai shi asibiti, ka yi addu'a, sa'an nan ka ɗaura masa laya a ɓoye, ko ka bi dare zuwa gidan boka. Ɗan'uwa, wanda ya ba da Ɗansa dominka ba ya bukatar mataimaki. Ko kuwa kana lissafin zuwanka sujada da baikonka, kana tsammani da su za ka sayi yardar Allah. Jon ya gwada wannan hanya tun yana yaro, ba ta kai shi ko'ina ba. Ayyukan kirki 'ya'yan itace ne, alheri shi ne saiwa.

Wataƙila kuma ka karai don ka ga halinka bai gama sakewa ba. Kada ka zauna cikin zunubin da Maganar Allah ta nuna maka, kada kuma ka fid da zuciya. Ka riƙa karanta Littafi Mai Tsarki, ka riƙa zuwa taron 'yan'uwa, ka faɗa wa fasto ko wani dattijon ikkilisiya damuwarka. Kafin ku kwanta yau, maigida ya tara iyalinsa, ku durƙusa, kowa ya kawo wa Ubangiji Yesu abin da ya fi ƙarfinsa. Alherinsa ya isa.